Garuba Mai Bashe da Alkawarin Baba Hamidou

Akwai wani direba a Zongon Lome da ake kira Garuba Mai Bashe. Bashe ita ce motar nan mai buɗaɗɗen baya da wasunku ke kira a-kori-kura. Tasa fara ce, ta tsufa, ta sha duniya. Da ita yake ɗauko buhunan shinkafa da jarkokin mai daga bakin tashar jirgin ruwa yana rarraba wa masu shaguna, da ita yake ci da iyalinsa.

Amma ba wannan ne ya sa aka san shi ba. Shekara da shekaru, duk wanda ya rasu a unguwarsu, motar Garuba ce ke ɗaukar makara zuwa maƙabarta. Maƙabartar tana da nisa, can bayan gari, ba a iya kai mamaci a kafaɗa. Da zarar an yi sanarwa a masallaci, ko yana tsakiyar lodi zai sauke kayan, ya wanke bayan motar tas, ya shimfiɗa tabarma. Ko kuɗin mai ba ya karɓa.

Aikin alheri ne, babu mai musu. Sai dai ni da ku mun san ɗan Adam. A hankali Garuba ya fara jin daɗin yadda ake nuna shi da baki ana cewa, "Ga mai kai mu gidan gaskiya nan." Har ya kai ga idan wani ya ce zai taimaka da mota, sai ya ɓata rai, kai ka ce gonar ubansa aka shiga.

To akwai wani dattijo, Baba Hamidou. Shi ne maigidan da ya saukar da Garuba lokacin da ya zo daga Nijar yana saurayi, ba shi da kowa a garin. Ya ba shi ɗaki, ya haɗa shi da wanda ya koya masa tuƙi, shi ya tsaya masa har ya auri Kubura. Yanzu tsufa ya kama shi, ciwo ya kwantar da shi.

Wata rana Garuba ya je gaishe shi, dattijon ya riƙe masa hannu.

"Garuba, na ga ka kai na kowa. In tawa ta zo, kai nake so ka tuƙa ni. Da hannunka."

"Haba Baba, daina wannan magana. Allah zai ba ka lafiya."

"Amin. Amma dai ka ji abin da na ce?"

"Na ji, Baba. Na yi maka alkawari."

Maganar ta shiga ransa ƙwarai, don yana ƙaunar tsohon nan tsakani da Allah. Amma bakinsa bai riƙe ta ba. Kafin mako ya zagayo, daga mai shayi har ladan babu wanda bai san cewa Baba Hamidou ya zaɓi Garuba ba.

Ana nan sai motar ta fara zafi. Idan titi a sake yake, lafiya lau. Amma da ta shiga cunkoso da rana, sai allurar zafi ta fara hawa har ta leƙa ja. Sai ya faka a gefe, ya buɗe murfin inji, ya jira ta huce, ya ƙara mata ruwa daga jarkar da yake yawo da ita. Ruwan rijiyar gidansa ne, mai zartsi, wanda ko Kubura ba ta dafa shayi da shi.

Akwai wani matashi a unguwar, Abdoul, haifaffen nan, ya yi boko da Faransanci, yana sayar da kayan gini. Bai daɗe da sayen tasa bashen ba, ta fi ta Garuba ƙuruciya nesa ba kusa ba. Wata la'asar ya tarar da Garuba a gindin bishiyar mangwaro kusa da masallaci, mota na huci, mutane zazzaune a benci suna kallo. Ya sauko, ya gaishe shi da "Tonton", wato kawu, ya leƙa injin.

"Tonton, wannan lagireto ne. Ya toshe. Ruwan rijiya ke yin haka, yana barin farin dutse a ciki. Akwai masu wanke shi a unguwar Cacavéli, su ciro shi su buɗe su tsefe shi. Kwana biyu zuwa uku ne kawai."

Garuba ya ce, "To, na ji."

Da Abdoul ya tsaya nan, da ƙila an zauna lafiya. Sai ya ƙara da zuciya ɗaya, "Kuma kada ka damu. In wani abu ya faru kafin ta fito, ga tawa nan. Pas de problème, babu matsala."

Garuba ya ɗago a hankali ya dube shi tun daga sama har ƙasa.

"In wani abu ya faru. Me zai faru?"

"A'a Tonton, ina nufin..."

"Na san abin da kake nufi. Tun kana tsumma nake wannan aiki. Motata ba ta taɓa kwana a gareji ranar da ake nemanta ba, ba kuma za ta fara don ka sayi sabuwa ba."

Abdoul ya ce, "Allah ya huci zuciyarka," ya shiga motarsa ya tafi. Wani tsoho a kan benci ya ce, "Garuba, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba." Garuba ya yi kamar bai ji ba.

Gaskiyar magana, ya san yaron bai yi ƙarya ba. Abin da ke cin sa daban ne. Jikin Baba Hamidou ya yi nauyi, kowa ya sani. Idan ya kai mota Cacavéli aka kwance ta, sannan aka yi sanarwa, shi ke nan, Abdoul ne zai zauna a gaba, shi kuwa yana baya cikin 'yan rakiya. Wannan hoton kaɗai ya isa ya hana shi cin tuwo.

Sai ya shiga neman maganin da ba zai raba shi da motar ko na yini ɗaya ba. Mai nema kuwa yana tare da samu, ko da abin banza ne. A wajen masu sayar da kayan mota wani ya nuna masa tamosta.

Ga waɗanda ba su sani ba, tamosta wani ɗan ƙarfe ne mai sifirin, bai fi ya cika tafin hannu ba. Yana zaune a bakin hanyar ruwa tsakanin inji da lagireto. Idan inji da sanyi, yana rufe. Idan ruwa ya yi zafi ya kai lambar da aka rubuta a jikinsa, sai ya buɗe, ruwan ya wuce lagireto ya sha iska ya dawo. Na motar Garuba tamanin da takwas aka rubuta. Wanda aka nuna masa saba'in da ɗaya.

Mai shagon ya ce, "Naka na ƙasar Turawa ne, inda ake ƙanƙara. Wannan tun da wuri yake buɗewa."

Garuba ya ji maganar ta zauna masa daram. Ya saya, ya haɗa da sabon fakin da ake sawa a bakin murfin tamosta don kada ruwa ya tsiyaya, ya kamo hanyar gida yana jin kamar ya fi kowa wayo.

Washegari da hantsi ya shigo da motar tsakar gida, ya bari inji ya huce sarai. Ya ɗauko babbar robar wankin Kubura ya tura ƙarƙashi.

Kubura ta fito daga madafa. "Malam, robata ce fa."

"Aro na yi."

"Aron da ba a tambaya?"

Bai kula ta ba. Ya kwance magudanar ƙasa, ruwa ya zubo. Kubura ta leƙa, ta riƙe haɓa. Ruwan ja ne, mai kauri, ga wasu farare-fararen ɓarɓashi suna kwanciya a gindin robar.

"Wannan ruwa ne ko kunun kanwa? Malam, abin da yaron nan ya faɗa maka ke nan fa."

"Wane yaro?"

"Abdoul mana. Ai matar liman ta ba ni labari. Wai ka wanke shi tas a gaban mutane don ya ce a wanke maka lagireto."

"Ke da matar liman, wace ce ta taɓa riƙe sifana a cikinku? Miƙo min mai lamba goma sha biyu."

Ta miƙa masa, ta ja kujera ta zauna tana tsinke alayyafo, tana kallon ikon Allah.

A nan kam dole a yaba masa, hannun Garuba na da kyau. Ya sassauta ƙarfen da ya ɗaure babban tiyo, ya murɗa tiyon ya zare. Ya kwance notinan murfin a hankali, ya jera su a kan tsumma. Ya zaro tsohon tamostan, ya kankare ragowar tsohon fakin da wuƙa har wurin ya yi sumul. Ya zaunar da sabon, sifirin na kallon cikin inji, ɗan ramin iskar yana sama. Ya ɗora sabon fakin, ya mayar da murfi, ya ɗaure notinan bi da bi don kada gefe ɗaya ya fi matsuwa.

Da zai mayar da tiyo ya tura yatsa ciki, ya ji kaushi, farin abu ya manne a bango. Ya saci kallon Kubura, ya ga ita ma shi take kallo. Sai ya goge yatsan a wando ya cusa tiyon ya ɗaure.

Sannan ya je bakin rijiya ya jawo guga, ya cika lagireton da ruwan nan dai mai zartsi. Ya tayar da inji, ya bar bakin a buɗe har kumfar iska ta gama fita, ya ƙara ruwa, ya rufe.

Kubura ta ce, "Ni dai ban san mota ba. Amma in magudanar gidan nan ta toshe, buɗe ƙofa da wuri ba ya hana ruwa kwanciya."

"To malama. Ɗauki robarki."

"Na bar maka ita, ta zama ta mota."

Washegari da sassafe bayan asuba ya fita gwaji. Gari da sanyin iskar teku, titi babu kowa, bayan mota babu kaya. Allura ta kwanta ƙasa da inda ta saba, ko motsi ba ta yi. Garuba ya yi dariya shi kaɗai. Ya bi ta gaban shagon Abdoul da gangan, ya rage gudu, ya danna ham, ya ɗaga masa babban yatsa.

Abdoul ya ƙaraso yana murmushi. "An wanke ke nan, Tonton?"

"Ba a wanke komai ba. Ni na gyara abata a tsakar gidana, ko gareji ba ta leƙa ba. Leƙo ka ga allura."

Abdoul ya leƙa, ya ji bayanin tamosta, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tuna da la'asar ɗin nan. Ya ce, "Allah ya sa a dace."

Abin da Abdoul ya haɗiye shi ne wannan. Tamosta ƙofa ce kawai. Ko ta buɗe da wuri ko ta makara, da inji ya yi zafi sosai duk a buɗe suke, babu bambanci. Lagireto ne ke fitar da zafin, shi kuwa yana nan a toshe yadda yake. Kwanakin da suka biyo baya kuma aka yi ta hadari da yayyafi, aikin Garuba duk na safe ne, don haka motar ba ta tona masa asiri ba.

Ranar da Baba Hamidou ya cika, gari ya waye tangaran, babu ko ɗigon girgije. Da hantsi aka yi sanarwa. Garuba ya zauna a bakin gado ya yi kuka irin wanda Kubura ba ta taɓa gani ba. Sannan ya tashi ya wanke bayan motar har sau biyu, ya shimfiɗa sabuwar tabarma.

Bayan azahar aka yi sallar jana'iza. Jama'a ta taru maƙil, don tsohon ya saukar da baƙi da yawa a rayuwarsa. Aka ɗora makara, 'ya'yansa da wasu dattawa suka zauna gefe da gefe suna riƙe da ita. Garuba ya shiga gaba, liman a kusa da shi. Babura da motoci suka biyo baya, cikinsu har da ta Abdoul, cike da 'yan rakiya.

Suna hawa babban titi suka tarar da abin da kowa ya sani. Manyan motocin da ke ɗaukar kaya zuwa arewa sun yi layi, wata ta lalace a gaba, hanya ta zama ɗaya. A matsa kaɗan, a tsaya. Rana kuwa kamar ta sauko ƙasa.

Garuba ya dubi allura. Ta bar inda take. Ya kau da kai, ya sake dubawa, ta kai tsakiya. Ya fara salati a zuci. Ta wuce tsakiya.

Da kaya ne a baya, da tuni ya faka ya jira ta huce. Amma yaya zai tsaya da Baba a gefen titi, Zongo duka na bayansa suna kallo? Ya ce a ransa, in dai aka wuce wannan motar da ta lalace, iska za ta shiga. Ya ci gaba da turawa.

Liman ya ce, "Malam Garuba, ba ka jin ƙauri?"

"Na babbar motar nan ne, Malam."

Bai rufe baki ba sai ga tururi fuu daga ƙarƙashin murfin inji, ya rufe gilashi. Inji ya yi wata irin ƙara, ya yi shiru. Ya murɗa makulli, ta ƙi. Ya sake murɗawa, ta ƙi. Ruwa mai ja yana malala a kan kwalta.

Innalillahi! Nan take masu zemijan, wato 'yan acaɓa, suka fara danna ham, suna zagayawa ta gefe, wasu na leƙen makara. Samari suka diro suka tura motar gefe. Babu inuwa ko ta kara. Babban ɗan mamacin ya cire babbar rigarsa, shi da ƙaninsa suka riƙe ta a saman makarar don kare ta daga rana.

Garuba ya tsaya a gaban motar, hannu a kan murfin da ba ya taɓuwa don zafi. Mutumin da ya ba shi ɗaki ranar da ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa, ga shi yau ya shanya shi a bakin titi. Ba ƙaddara ce ta zo masa ba zato ba, ya sani. Da yatsansa ya taɓa farin dutsen nan, ya goge a wando.

Abdoul ya kutso da motarsa ta gefen titi, ya ja baya har ta kusa haɗa gindi da ta Garuba. Ya ce wa waɗanda ya ɗauko, "Don Allah ku sauka, ku nemi babura." Aka ɗauko tabarma aka shimfiɗa, aka ɗaga makara da kalmar shahada aka mayar can. Liman ya koma gaba ya zauna.

Garuba yana kallo. Abin da ya yi ta gudu ke nan, ga shi ya same shi, har da ƙarin kunya. Ya sunkuyar da kai ya nufi baya, yana neman inda zai raɓa cikin 'yan rakiya, in ma za su matsa masa.

Sai ya ji an taɓa kafaɗarsa. Abdoul ne, ya miƙo makulli.

"Tonton, bismillah."

Garuba ya dubi makullin, ya dubi yaron. "Motarka ce."

"Eh, tawa ce. Amma ba ni Baba ya ce in kai shi ba. Kowa ya san wanda ya ce."

"Abdoul, bayan abin da na..."

"Tonton, rana na dukan Baba. Mu tafi. Birkin yana da kamu sosai, ka taka a hankali."

Bai jira amsa ba, ya danƙa masa makullin a hannu, ya haye baya ya kama gefen makara.

Garuba ya shiga. Ya sa makullin, ya tayar da inji. Ya ja motar a hankali, hawaye na sauka a gemunsa, bai share ba. Liman ya dubi gaba abinsa, yana jan carbi. Haka suka wuce cunkoson, haka suka isa, aka sa Baba Hamidou a makwancinsa kafin la'asar.

Da aka shafa addu'a jama'a suka fara watsewa, Garuba ya nemo Abdoul a gaban mutanen nan dai da suka ji abin da ya faɗa masa a gindin mangwaro. Ya kama hannunsa da hannu biyu ya sa masa makullin.

"Ka yafe mini. Gaskiya ka faɗa mini, na ƙi ji don kada ka zauna a kujerata. Yau da ba don kai ba, da na ci amanar Baba."

"Babu komai, Tonton, wallahi."

"Akwai komai. Kai za ka tuƙa mu gida. Ni baya zan zauna."

Motar Garuba kuwa sai jan ta aka yi. Zafin ya ƙona fakin kan inji, kan ma ya lanƙwashe. Wankin lagireton da zai ci kwana biyu ya koma aikin da ya haura wata. A cikin wannan lokaci an yi rasuwa a unguwar, kuma Garuba ne da kansa ya taka har shagon Abdoul ya yi sallama ya ce, "Ɗana, ana neman mota."

Darasi: Idan abu ya lalace, a gyara inda ciwon yake, kada a je a taɓa inda ya fi sauƙi don allura ta kwanta a samu abin nuna wa mutane. Wanda ya ce maka gyara, ba lallai kujerarka yake nema ba. Aikin alheri kuma ba gadon gidan kowa ba ne, ranar da ka fara kishin wani ya taya ka, to ka binciki zuciyarka, don wa kake yi? Idan kuma Allah ya ba ka dama a kan wanda ya wulaƙanta ka, ka yi irin ta Abdoul, ka rufa masa asiri. Ku tura wa 'yan uwa, musamman direbobinmu da duk wani mai taurin kai da kuka sani, ƙila ya ji kafin tasa ta tsaya a kan titi.